Jinjina ga Gwanayen Raba Duhu

Wutar lantarki ba ta san jira ba. A daidai lokacin da inji ya samar da ita a Kainji ko a Egbin, a lokacin ne dole wani ya sha ta, ko a fanka, ko a injin niƙa, ko a ƙwan ɗaki. In abin da ake samarwa ya fi abin da ake ja, injuna su ɗauki gudu. In abin da ake ja ya rinjayi abin da ake samarwa, su yi nauyi su fara ja da baya. Ana gane lafiyar abin ne daga bugun wutar, wanda a ƙasar nan aka tsayar a kan 50 a kowace daƙiƙa, kuma ƙa'idar babban layin ƙasa ta ce a zaman lafiya kada ya sauka ƙasa da 49.75, kada ya haura 50.25. In ya kauce da nisa, tashoshi kan cire kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone, shi ke nan ƙasa ta ɗauke ɗif. Wannan ɗan siririn tsakani shi ya hana injiniyoyin duniya barci shekara da shekaru. Mu kuwa, alhamdu lillahi, Allah ya azurta mu da jagororin da suka warware matsalar tun tuni, kuma har yau ban ga wanda ya tsaya ya yi musu sambarka ba.

Sai ka ga wahalar da wasu suka ɗora wa kansu sannan za ka san darajar namu. Mutanen Birtaniya sun fafe cikin wani dutse a yankin Wales, a wurin da ake kira Dinorwig, suka yi kusan shekara 10 suna haƙa, suka buɗe tashar a 1984. Da dare, in gari ya kwanta wuta ta yi rara, sai a yi amfani da rarar a tura ruwa sama zuwa wani tafki a kan dutsen. In an tafi hutun rabin lokaci a wasan ƙwallo, miliyoyin gidaje suka kunna butar shayi lokaci guda, sai a sako ruwan, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ba da megawat fiye da 1,700. Duk wannan ɗawainiya don kada shayin wani ya yi jinkiri. Afirka ta Kudu ma tana da irin wannan a Drakensberg da Palmiet da Ingula. A jihar Kudancin Ostareliya kuwa, wuta ta ɗauke baki ɗaya ranar 28 ga Satumban 2016, sai cece-kuce ya ɓarke har a majalisa, kafin 2017 ta ƙare kamfanin Tesla ya kafa musu batir mai ƙarfin megawat 100 a Hornsdale. Ka ji mutanen da ba su da tawakkali.

Namu gwanayen sun dubi lissafin da idon basira. Uwar biki in ta ga tuwo ba zai isa ba, zaɓi biyu gare ta: ko ta ɗora wata tukunyar, ko ta sa sakata ta ce wa rabin baƙin su dawo gobe. Ɗora tukunya na cin itace da gari da gumi. Sakata kuwa ba ta cin komai, kuma da zarar an sa ta, tuwo ya isa. A takarda tashoshinmu na da ƙarfin da ya kai megawat 13,000. Abin da ke isowa kan layi a yawancin ranaku yana tsakanin 4,000 da 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A watan Maris na 2025 an taɓa 5,800 da ɗoriya, aka fitar da sanarwa ana murna, kuma murnar ta dace, don rabon da a ga irinsa tun 2021. Ɗan abin nan ne cibiyar kula da layi da ke Osogbo ke kasaftawa ga kamfanonin rarrabawa 11, su kuma su kasafta wa unguwanni. In bugun wutar ya fara sauka, ba sai an sako ruwa daga kan dutse ba. A kashe layin Kurna, ko na Rigasa, ko na Bolari. Cikin ƙiftawar ido bukatar mutum dubbai ta ɓace daga lissafi, an samu daidaito. A kawo mini batirin da ya kai hannun ma'aikaci a kan makunni sauri.

Masu hassada za su ce ai duk da haka babban layin yana faɗuwa. Gaskiya ne, a 2024 kaɗai ya faɗi fiye da sau 10. Amma a yi adalci. Lokacin da layin ya faɗi, nawa ake samarwa? Babu. Nawa ake sha? Babu. A duk ilimin lissafi ban san daidaiton da ya kai wannan cika ba. Sauran ƙasashe na ajiye wasu injuna suna juyawa ba tare da cikakken lodi ba, ana biyansu kuɗin zaman jira, don in wata tashar ta faɗi su tare giɓin nan take. Mu mun daɗe da gane cewa almubazzaranci ne a biya inji ladan zaman banza.

Arewa ce ta fi kowa cin moriyar wannan fasaha, kuma ya kamata mu riƙa faɗa don kada a ce ba mu da godiya. Kainji da Shiroro da Zungeru duk a jihar Neja suke, Jebba ma a bakin iyakarta take. Duk da haka, da ɓarayin daji suka lalata layin Shiroro zuwa Mando, sai ya zamana wutar Kano da Kaduna da Jos da Bauchi da Gombe tana zagayowa ne ta Enugu, ta layin Ugwuaji zuwa Apir. Ranar 21 ga Oktoban 2024 shi ma ya ce ga garinku. Aka shafe fiye da mako guda mafi yawan jihohin Arewa ba ko ƙyalli. Wani mai ɓarnar dukiya da tuni ya gina layi na uku don irin wannan rana. A lokacin nan babban layin ƙasa ya samu sauƙin da bai taɓa samu ba, an sauke masa nauyin miliyoyin jama'a a tashi ɗaya. Masu shinkafa sun rufe injuna, masu ruwan leda sun tsawwala, maganin da ke firij ya lalace, kifi da kaji sun tafi bola, amma ba a ji inji ko ɗaya ya yi ƙorafi ba. Mutanen Maiduguri ma sun riga mu samun wannan horo, tun da aka tarwatsa turakun layin Damaturu a Janairun 2021, aka gyara, ba a yi mako ba aka sake tarwatsa su.

Sai maganar ajiya, wadda a kanta ne aka fi yi wa ƙasar nan ƙazafi. Wai Najeriya ba ta da manyan batiran ajiye wuta. Wanda ya faɗi haka bai taɓa leƙa ƙarƙashin gadon ma'aikacin gwamnati ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka tana alfahari da batiran da suka haura megawat 10,000, amma da kuɗin kamfanoni da tallafin hukuma aka kafa su, a killace a bayan waya, ana biyan masu gadi. Namu tsarin ya fi wayo: an raba wa kowane ɗan ƙasa rabonsa na ajiyar, ya saya da kuɗinsa, ya ajiye a ɗakinsa, ya yi gadinsa da kansa, in ya mutu bayan shekara biyu ya sake sayen wani ba tare da ya dami kowa ba. Mai hali ya sa sola da inbata da batir huɗu. Mai matsakaicin ƙarfi ya sayi fanka mai caji da fitila mai caji. Ɗalibi ya rataya fawa bank. Wanda ba shi da ko ɗaya ya kai wayarsa shagon mai caji, a liƙa mata lamba, ta kwanta cikin 'yan'uwanta ɗari a kan katako, ƙaramin janareta na kuka a gefe.

Kuma ba a batir kaɗai muke ajiyewa ba. Tankin ruwan da ke saman gida ajiyar wuta ne, Dinorwig ne na talaka: in an kawo a tura ruwa sama, in an ɗauke a sako shi. Ƙanƙara ajiyar wuta ce. Duk wanda ya taɓa bin layin ƙanƙara da la'asar a watan azumi, lokacin da zafi ya haura 40 a Sakkwato ko Nguru, ya ga yadda ake ɗauko wutar unguwar masu hali a naɗe cikin buhu da garin katako, a kan babur, a kawo ta unguwar da ba ta gani ba tun shekaranjiya. Ba turke, ba waya, ba tiransifoma. Rabinta na narkewa a hanya, amma ai layin gwamnati ma yana zubar da nasa.

Wani abin da ƙasashen waje ke fama da shi shi ne yadda za su lallashi mutane su daina rububin wuta da magariba su koma amfani da ita cikin dare. Tun 1978 Ingila ta fito da tsarin Economy 7, sa'a 7 na dare a farashi mai rahusa. Faransa na da nata mai suna Tempo, an rina ranakun shekara shuɗi da fari da ja, jajayen 22 ne, a cikinsu kuɗin wuta kan yi tashin gwauron zabo, kuma tun jajibiri ake sanar da kai launin gobe don ka shirya. Lallashi, sanarwa, rangwame, duk don a samu mutum ya ɗage wankinsa zuwa dare. Mu ba mu kashe ko sisi a kan wannan ba. A kawo wuta ƙarfe 2 na dare kawai a ja da baya a yi kallo. Yaran da ba su yi barci ba saboda zafi su kwarma ihu, uwargida ta diro daga gado ta jona dutsen guga, maigida ya fita da gajeren wando ya kunna injin ruwa, tela ya buɗe shago, mai walda ya tada yaransa, mai markaɗe ta aika a ƙwanƙwasa wa masu wake. Kafin asuba an yi aikin yini guda. Wace ƙasa ce ta kai jama'arta wannan matakin na biyayya? Abin da ya ƙara wa tsarin armashi shi ne ba a sanarwa. Da ana faɗin lokaci da mutane sun sangarce, su riƙa tsara rayuwarsu.

In kowa ya jona kayansa lokaci guda tiransifomar unguwa takan yi bindiga, wannan kam haka ne. Nan ma akwai alheri. Sai mai unguwa ya tara jama'a, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, a yi karo-karo a sayi mai da waya, a sallami masu gyara. In an gama tiransifomar ta ci gaba da zama mallakin kamfani. Zumuncin da wannan ya ƙulla tsakanin maƙwabta, wa'azin shekara bai ƙulla shi ba.

Amma inda gwanintar ta kai maƙura shi ne farashi. A 2020 hukumar kula da lantarki, NERC, ta kasa masu amfani da wuta gida biyar. Rukunin A sa'a 20 a rana ko fiye, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E sa'a 4. A lura da kyau: wannan ba ƙorafin 'yan adawa ba ne, alkawarin hukuma ne a rubuce, cewa akwai 'yan ƙasar da haƙƙinsu shi ne duhun sa'a 20 kowace rana. Irin wannan gaskiya da riƙon amana ba a ko'ina ake samu ba. Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225. Da aka yi kuka, aka tausaya aka sauke zuwa naira 206.80 a watan Mayu, a Yuli aka ɗan gyara zuwa 209.50. Wanda ya ce farashinmu ba ya lanƙwasa, ga amsarsa. A wasu ƙasashe farashin yana bin agogo, wanda hakan ke tilasta wa talaka tunani da lissafi. Namu yana bin adireshi. Ba ruwanka da sa'a, ba ruwanka da zaɓi, wayar da ta ratsa ta ƙofar gidanka ita ce ƙaddararka. Mai shagon aski da Allah ya haɗa layinsa da na masu kuɗi ya wayi gari shi ma mai kuɗi ne, a takardar bil dai. Hukumar ta ce kashi 15 cikin 100 ne kawai abin ya shafa, kuma in kamfani ya gaza cika sa'a 20 ɗin za a sauke layin zuwa rukunin ƙasa. Saura da me? Sai dai mutum ya ajiye littafi da biro kusa da ƙwan ɗakinsa.

Manyan asibitoci da jami'o'i da dama sun samu wannan ɗaukaka ta shiga rukunin A. Asibitin koyarwa na Ibadan ya ji daɗinta har bashi ya sa aka yanke masa wuta a ƙarshen Oktoban 2024, ya yi watanni a haka. Ga hujja ƙarara cewa farashi yana aikinsa na rage bukata.

Ministan lantarki na wancan lokaci, Adebayo Adelabu, ya bayyana hikimar ƙarin farashin. Ya ce arahar wuta ce ta hana 'yan Najeriya sanin tattalinta, mutum ya bar firiza a kunne kwana da kwanaki bayan kayan ciki sun daskare, ya fita ya bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Mutane suka yi masa ca, har ya fito ya ba da haƙuri. Ni a ganina bai kamata ya janye ba. Ya buɗe wa jama'a ido, don da yawa sai a ranar suka san akwai firizar da ke samun wutar kwana da kwanaki a jere.

Duk wannan ga masu mita ne. Kusan rabin masu rajista ba su da ita, kuma su ne ke morar farashi mafi sassauci a doron ƙasa, wanda bai ɗaure kansa da yawan abin da aka sha ba. An kawo ko ba a kawo ba, kana gari ko ka yi tafiya, ƙarshen wata takarda za ta zo, bayanta kuma masu tsani. Wasu na kiran wannan zalunci. Ni ina kallonsa a matsayin ilimin gaibu da aka ba wa ma'aikatan ofis, su zauna a kujera su san abin da fankarka ta ci. Kuma don kada wani ya ce zai gudu wajen janareta, an rufe wannan ƙofar tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Kada a manta da waɗanda suka yi babbar sadaukarwa. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da masaƙun Kakuri, su ne a da ke zuƙe wutar Arewa ba dare ba rana. Yau da yawansu sun yi shiru, babbar masaƙar UNTL ta rufe ƙofa a 2007, ciyawa ta rufe harabar wasu, wasu sun koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje. Ba wuta kaɗai ta yi wannan aikin ba, fasa-ƙwaurin atamfa ma ya ba da gudummawarsa, kada a tauye wa kowa ladansa. Amma a yi tunanin halin da babban layi zai shiga da a ce duk injunan nan suna raye suna neman rabonsu.

Akwai kuma nau'in ajiyar da mu kaɗai muka ƙware a kai, wato ajiye wuta a takarda. Batir yana tsufa, ruwan tafki yana ƙafewa, amma megawat ɗin da ke cikin fayil ba ya raguwa. Ga megawat 3,050 na Mambila, an fara maganarsa tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan, an sa hannu kan kwangilar kusan dala biliyan 5.8 a 2017, kuma har yau ko yunit ɗaya bai salwanta ba. Tsabar kula da shi, tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da marigayi Buhari, sun je har Faris a Janairun 2025 sun ba da shaida a shari'ar da ake yi a kansa. Ga 215 na Kudenda a Kaduna tun 2009. Ga yarjejeniyar tashoshin sola 14 da aka sa wa hannu a 2016, fiye da megawat 1,000, yawancinsu a Arewa inda rana ke dukan ƙasa kyauta. Ga yarjejeniyar Siemens ta 2019 da ta ce 7,000 a 2021, 11,000 a 2023, 25,000 a 2025. Duk suna nan lafiya lau, ba abin da ya taɓa su. Kamfanonin samar da wuta ma an ajiye musu kuɗinsu a irin wannan taska, a 2025 suka ce bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4.

Da yake alheri ba ya tsayawa a gida, mun kai wa 'yan'uwa na Nijar. A da kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka katse musu ita a farkon Agusta, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga aji, ba a mayar ba sai Maris ɗin 2024. Sai dai ɗaliban ba su da haƙuri, kafin a gama darasin sun kunna tashar sola ta megawat 30 a Gorou Banda.

Jinjina mafi girma ta fadar shugaban ƙasa ce. A Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi naira biliyan 47, ya ba su kwana 10, kuma fadar na cikin jerin. Shugaban ƙasa ya ba da umarni a biya nata. Da shekara ta zagayo, sai aka ware naira biliyan 10 a kasafin 2025 don a sa wa fadar sola. 'Yan baƙin ciki suka ce mai abinci ya ƙi cin abincinsa. Ba su fahimta ba. Wannan jagoranci ne a aikace: gidan da ya fi kowane gida iko a kan babban layin ya yafe rabonsa, ya bar wa talakawa su more.

Tunda an kawo nan, ina da shawara guda ga hukuma, kuma ba na neman lada. A ƙara rukuni na shida, rukunin F, mai alkawarin sa'a babu a rana. Bankin Duniya ya ce a 2021 mutum miliyan 85 ne a ƙasar nan ba su da wuta kwata-kwata, ga su nan a ƙauyukan Jigawa da Yobe da Kebbi da Zamfara, sun cika duk sharuɗɗan shiga, rajista kawai ta rage. Shi ne rukunin da kamfani ba zai taɓa saɓa alkawarinsa ba, ba mai neman a sauke shi, ba tiransifomar da za ta ƙone. A yanka musu ɗan farashi daidai ƙarfinsu, a riƙa kai musu bil ƙarshen wata kamar kowa.